Jan Zaren Kawu Mai Sito

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, ko mun kintsa ko ba mu kintsa ba. Kawu ya koma ranar wata Laraba da hantsi, a tsakiyar bazara, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Ni ina cikin gida tare da mata, saboda haka abin da na samu na jana'izarsa sauti ne kawai. Na ji lokacin da aka ɗaga makara, na ji takun ƙafafu masu yawa suna wucewa ta bayan katanga, babu mai tari, babu mai magana. Takun ya daɗe bai ƙare ba. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta ce, "Duk waɗannan mutanen nasa ne?"

Nasa ne kuwa. Manoma sun zo daga Malikanchi a bayan akori-kura, wasu daga Kudan a kan babura, uku-uku. Kwana uku ana zaman makoki, kowa ya shigo gaida Inna sai ya bar wata magana. Wata tsohuwa ta ce shekara da shekaru tana kai masara sitonsa, bai taɓa mayar da ita gida da kayanta ba. Wani malami da suka yi karatun zaure tare tun suna samari ya ce marigayin ba shi da yawan zance, amma in ya ce a'a to a bincika. Sai sarkin 'yan dako na siton Dandamisa ya shigo, dattijo ne mai faɗin kafaɗa, ya tsuguna ya yi wa Inna gaisuwa. Da ya gama ya juyo gare ni, ya buɗe baki, ya rufe. Can ya ce, "Hajiya, in an natsa akwai magana." Na ce to. Wallahi kafin ya kai zaure na manta.

Maganar da na manta ita ce wannan. A cikin siton Dandamisa akwai buhunan wake goma sha huɗu da bai halatta ɗan Adam ya sa a bakinsa ba. Suna cakuɗe cikin ɗaruruwan buhuna masu kama ɗaya, an kuma riga an sa ranar da za a kwashe su zuwa makarantun kwana. Mutum ɗaya ne ya san waɗanne ne, shi ne wanda aka wuce da shi ta bayan katanga. Ni ce kuma sanadin cakuɗa su. Shi ya sa nake wannan rubutu, don kada a tuna da shi a matsayin tsohon da zamani ya wuce, kamar yadda ni na ɗauke shi.

Wan mahaifiyata ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina zanen goyo bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. In na yi rashin ji ya ce, "Uwata, haka za ki yi wa ɗanki?" In na ci jarrabawa ya ce shi dama ya san uwarsa ba ta faɗuwa. Da na gama karatun kwamfuta a Zariya na sami aiki a kamfanin da yake yi wa tsaron sito, kwana uku yana tare mutane a hanya yana ba su labari. Kamfani ne mai karɓar hatsi daga manoma ya adana ya sayar, ofishinsa a Maƙarfi, sitonsa uku: Ikara, Kudan da Dandamisa. Kawu ya riƙe na Dandamisa tun kafin a yi masa rufin kwano.

Yana da wasu ɗabi'u da in ba ka san shi ba sai ka tsargu. Ba ya buɗe sito sai ya yi sallama, ko da shi ya kulle da hannunsa jiya. Ina ƙarama na tambaye shi wa yake gaisarwa, ya ce, "Wanda ya riga ni shiga." Bai yi dariya ba, ni ma ban sake tambaya ba. Bayan azahar kuma, lokacin da kwano ya ɗau zafi, sai ya ce kowa ya yi shiru. Ya cire hula, ya bi layin buhuna a hankali yana kara kunne. Ya ce in ƙwari sun shiga masara ana jin su, kamar yayyafi daga nesa. Ya zura hannu tsakanin buhuna har gwiwar hannu, ya tsaya kamar mai duba zazzaɓin yaro. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza. 'Yan dako majiya ƙarfi su yi cirko-cirko, ko numfashin kirki ba sa yi, har sai ya mayar da hularsa. Yakan ce, "Hatsi rai gare shi. Bai mutu ba, barci yake."

A aljihunsa kullum akwai basilla, babbar allurar ɗinkin buhu, da zare kala uku: fari, baƙi, ja. Na girma ina ganinsu. Na sha wasa da su a kan tabarmarsa. Ban taɓa tambayar abin da kowane yake nufi ba, ni mai digiri. Sai bayan ransa na sani. Fari lafiyayyen buhu ne. Baƙi yana nufin akwai danshi, a shanya. Ja kuwa, ko ɗan dakon da ya fara aiki jiya ya san ba a taɓa shi, ba a tambayar dalili.

Baƙin zaren nan shi ne abin da tsohuwar nan take nufi a wurin makoki. In manomi ya kawo masarar da ba ta gama bushewa ba, doka ta ce a mayar masa. Kawu ba ya mayarwa. Sai ya ɗinke ta da baƙi, ya ce wa mai ita, "Je ka gida, sikeli ya gaji yau, ka dawo jibi." Ya shimfiɗa ta a kan siminti a bayan sito, yana juyawa da ƙafarsa, yana korar awaki. Mutum ya dawo jibi a auna masa, ya tafi da mutuncinsa, bai ma san an rufa masa asiri ba. Wasu sun sani, suka yi kamar ba su sani ba, har ranar da suka zo suka faɗa a gaban Inna suna share hawaye.

Sai masu kamfani suka ce an gaji da littattafai. Za a kawo manhaja guda ɗaya da za ta haɗa komai: karɓar kaya, ajiya, fitarwa, motoci, ma'aikata, sito uku duk a fuskar kwamfuta ɗaya. Aka ɗauko 'yan kwangila daga Legas, aka ce ni ce shugabar aikin a ɓangarenmu. Kai, na hura hanci a lokacin nan! A cikin takardunsu, shafi na farko ma, an rubuta cewa a zauna da waɗanda za su yi aiki da manhajar tun kafin a fara gina ta, a ji yadda suke aikinsu. Na karanta, na fahimta, na kuma sa hannu cewa an yi. Manajoji muka tara a wani otal a Kaduna, aka sha shayi da sanyin na'ura, aka zana yadda sito yake aiki a kan allo. A cikinmu babu wanda ya taɓa ɗaga buhu. A raina na ce me 'yan dako za su gaya mini? Me tsohon da yake rubuta lissafin buhunansa da ajami zai ƙara wa aikin mutanen Legas?

Na tuna shugaban 'yan kwangilar ya tambaye ni ko muna son a sa wurin da mai sito zai iya dakatar da buhu, ya hana a fitar da shi. Ya ce manhajar tana da shi, sai dai yana ƙara matakai. Na ce a cire. Na ce mutanenmu ba su da ilmi sosai, in abu ya yi yawa za su rikice. Da bakina na faɗa, ina kaɗa biro.

Sai da aka gama komai muka kira masu sito da sarakunan 'yan dako zuwa Maƙarfi, don a nuna musu. Aka haska bango, ana ta bayani ina fassarawa. Kowane buhu zai sami lamba. Manhaja ce za ta faɗi layin da za a ajiye shi, ita ce kuma za ta faɗi wanda zai fita, wanda ya riga shiga shi zai riga fita. Can Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare.

Ya ce, "Uwata, na ga wurin nauyi, na ga wurin kwanan wata. Ina wurin da zan rubuta abin da hancina ya ji?"

Aka kwashe da dariya. Mutumin Legas ya tambaye ni me ya ce, na fassara masa, shi ma ya yi dariya. Ni kuwa kunya ta kama ni, ba don tambayar ba, don ya kira ni Uwata a gaban baƙi. Sai na ɗaure fuska na ce, "Kawu, kwamfuta ba ta da hanci. Akwai ɗan akwatin ƙarin bayani a ƙasa, in mutum yana da abin faɗa. Amma kowa ya ji da kyau: daga ranar da aka kunna ta, duk abin da ba ya cikin manhaja, bai faru ba."

Ya ce, "To, Uwata." Ya zauna.

Rigimar a gida aka yi ta, ranar Juma'a, mahaifiyata tana tsakani. Ya ce shi ba ya ƙin sabon abu, ai shi ya fara roƙon a kawo sikelin zamani. Abin da yake so kawai in zo Dandamisa in zauna wuni ɗaya, in ga yadda ake yi, sannan in gina abin da zan gina. Na ce ba ni da wuni ɗaya. Ya ce, "Kina da wata shida na zama da mutanen Legas, ba ki da wuni ɗaya na ɗanki?" Na ce matsalar tsofaffi ke nan, kowa yana son ya zama shi kaɗai ya san sirrin wuri, don kada a iya yi ba shi. Mahaifiyata ta ce, "Ke! Wa kike gaya wa haka?" Ya lalubi takalmansa da ƙafa, ya yi mata sallama. A bakin ƙofa ya juyo ya ce in gaida mutanen ofis. Wannan maganar da na yi masa, har gobe in na tuna sai na ji kamar in nutse.

Waken ya shigo ne ranar da Kawu ya tafi wani suna. Wani manomi ya kawo, mai awo ya karɓa. Ba mugu ba ne manomin, tsoron ƙwari ne ya sa ya zazzaga wa wakensa maganin feshin gona, wanda ba a yi shi don abin ci ba. A ido wake ne tsaf, fari sol. Da Kawu ya dawo ya yi zagayensa na bayan azahar, ya tsaya cak a gabansu. Ya warware bakin buhuna goma sha huɗu ya sake ɗinke su da ja, ya sa aka kai su ɗakin baya. Ya gaya wa manaja, manaja ya ce a bari a gama hayaniyar sauya tsari tukuna.

Makon sauya tsarin ni na tsara shi. Na ba da umarni a juye kowane hatsi cikin sababbin buhunan kamfani, masu lamba a jiki, a ɗinke da inji, a jera yadda manhaja ta ce. Ranar da aka yi na Dandamisa kuma ita ce ranar da na tura masu sito Zariya koyon danna na'urar hannu da aka raba musu, wata 'yar aba mai kamar waya. Ya tafi koyon aikin da ya shekara talatin yana yi, ya dawo da la'asar ya tarar da sitonsa fes, buhuna layi-layi kamar sojoji, duk farin zare. Ɗakin baya wayam. Tsofaffin buhuna an tara su a waje, jan zarensa yana reto a bakin wasu.

Ya kira ni. Ina siton Kudan, na'ura ta ƙi karanta lambobi, kaina ya ɗau zafi. Muryarsa tana yankewa, na ji yana cewa wake, ɗakin baya, an haɗa. Na katse shi. Na ce, "Kawu, don Allah ba yanzu ba. Ai an koya muku yau. Ka shigar a manhaja, zan gani." Ya ce, "In shigar?" Na ce, "Ka shigar." Ya ce, "To, Uwata."

Abin da ban sani ba, wanda ko mai sayar da rake a ƙofar siton zai gaya mini da na tambaya, shi ne babu sabis a wurin. Duk mai son yin waya sai ya taka zuwa wani tudu a bayan maƙabarta. Daga can ya kira ni. Na'urar kuma an yi ta ne ta riƙe abin da aka rubuta, sai ta sami sabis ta tura. Wannan ba a koya musu ba a Zariya, don mai koyarwar bai san akwai inda babu sabis ba.

Kwana biyu 'yan dako suna kallonsa yana bin buhuna ɗaya bayan ɗaya. Ya huda da basilla, ya kara hanci, ya rufe ido. In ya sami wanda yake nema sai ya ciro na'urar maimakon zare, kamar yadda na ce masa, ya nisanta ta da fuskarsa, ya yi ta dannawa da yatsa ɗaya, yana haɗa baƙaƙen boko da ƙyar. Sun ce ko abinci ba ya tsayawa ci. A rana ta uku, bayan azahar, ya ce a yi shiru kamar kullum, ya shiga can ƙuryar gabas. Shirun ya yi tsawo. Da suka leƙa suka same shi a ƙasa, ɓarin jikinsa na dama ya saki, bakinsa ya karkace.

Kwana huɗu ya yi a kwance, ba magana. Yatsunsa biyu na hagu suna ta murzawa, suna ta murzawa. Masu dubiya suka ce Allahu akbar, tasbihi yake ja ko a wannan hali. Da na zo na durƙusa a gefensa, idonsa ya kafe a kaina. Ya yi ta fama da gefen bargon da aka lulluɓe shi da shi, har ya zaro wani zare ja, ya sa a tafin hannuna, ya naɗe yatsuna a kai. Maƙogwaronsa yana motsi, sauti ba ya fita. Na ce, "Sannu Kawu, Allah ya ba ka lafiya." Na ɗauka ruɗewar ciwo ce. Na jefa zaren a jaka don kada ya ga na yar.

Kwana goma da rasuwarsa na koma ofis. Da safe ne, wajen ƙarfe goma, rana ta riga ta buɗe. Manhaja ta nuna cewa yau ne aka tsara babbar mota za ta yi lodin wake a Dandamisa, na ɗan kwangilar da yake kai wa makarantun kwana abinci. Komai kore, komai daidai. Ina shirin rufe shafin sai kwamfutar ta yi ƙara, ɗan ƙaramin sautin shigowar saƙo. Na duba. A saman saƙon an rubuta: Mai Sito, Dandamisa. A gefe kuma: yanzu.

Lambar buhu ce, sai kalmomi uku a cikin akwatin ƙarin bayani: kada a ci.

Na zauna ina kallo. Ba mu naɗa sabon mai sito ba. Babu wanda yake da lambar sirrinsa, ni da kaina na hana a riƙa ba wa juna. Kafin in haɗiye yawu wani ya sake shigowa. Wata lambar, kada a ci. Aka ɗan jima, kamar yadda mai yatsa ɗaya zai jima, sai na uku. Abokiyar aikina da muke ofis ɗaya ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta sunan, ta ja da baya har ta buge kujera tana salati. Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙafa har ƙeya. Na san matacce ba ya dawowa, a kan wannan aka tarbiyyantar da ni. Amma ga shi ina zaune da rana tsaka, fanka tana juyawa, mutumin da aka yi wa sadakar bakwai yana yi mini magana ɗaya bayan ɗaya, cikin haƙuri, ta hanyar da na ce masa ita kaɗai zan saurara.

Goma sha uku suka shigo. Sai aka yi shiru. Har na miƙe, sai na ƙarshe ya faɗo, shi babu lamba: Uwata saura ɗaya ina dubawa.

Na kira manaja, na kira direba, na kira duk wanda na sani a siton. Waya ba ta shiga. A lokacin ne na fara sanin babu sabis a Dandamisa, wata shida bayan lokacin da ya kamata in sani. Na kwafe lambobin a bayan wata takarda, na fita ko mayafi ban gyara ba na tare ɗan acaɓa. Duk hanya abin da nake gani shi ne manyan tukwane a kan wuta da layin 'yan makaranta riƙe da kwanuka.

Motar tana nan. An yi mata rabin lodi, direba yana ta masifa wai tun safe ake ja masa rai. Sarkin 'yan dako yana tsaye a inuwa, ya harɗe hannu. Da ya gan ni ya sauke ajiyar zuciya.

Na ce, "Baba, a tsaya. Akwai waken da ba a ci."

Ya ce, "Mun sani, Hajiya. Masu jan zare. Shi ya sa muke jan ƙafa."

Na ce, "Kun sani? Kuka yi shiru?"

Ya dube ni, ba da faɗa ba. Ya ce, "Ranar juye buhuna na gaya wa yaran Legas Malam mai sito ya ce ba a taɓa waɗannan. Suka ce umarni daga ofishinki ne. Ranar makoki na ce miki akwai magana, kika ce to. Mu 'yan dako ne, Hajiya. In ba a tambaye mu ba, ta wace ƙofa za mu shiga?"

Na miƙa masa takardar. Ina karanta lamba suna nema, suka sauke duk abin da suka loda. Tara a cikin motar muka same su, huɗu a layi suna jiran a ɗauka. Na kara hancina a jikin ɗaya, da ƙyar na ji wani ɗan wari mai ɗaci can ƙasa, wanda da ba a gaya mini ba ko shekara zan yi ba zan ji ba. Sarkin 'yan dako ya ƙirga ya ce, "Sha uku. Da hannuna na kai sha huɗu ɗakin baya."

Muka tsaya muna kallon sauran buhunan, ɗaruruwa, duk fuska ɗaya. Na tambaya ko akwai inda ba su taɓa ba. Suka kalli juna. Ashe tun ranar da aka ɗauke shi babu wanda ya sake taka ƙuryar gabas. Manhaja ta ce a fara da layin, suka tsallake shi, kowa yana cewa wane ya shiga.

Ni na shiga. A bakin layin na ji bakina ya yi sallama da kansa. Ciki da duhu-duhu, zafi yana saukowa daga kwano, hayaniyar waje ta ɗauke kamar an rufe ƙofa. Na tsaya. Karo na farko a rayuwata na ji sito: ƙas-ƙas kaɗan, buhu yana zama a kan buhu, wani abu mai kama da numfashi. Ban juya ba, don na ji in na juya zan ga mutum tsaye da hula a hannu. Na ci gaba har bango. A buhu na biyu daga ƙasa, daidai inda mai durƙuso zai kai hannu, ga basilla a soke. Ɗinki uku ya yi, sauran jan zaren yana lilo. Ya same shi. Wannan karon ya fara da zaren kafin na'urar, bai kai ga na'urar ba.

Na buɗe jakata na ciro wanda ya sa mini a hannu, na riƙe su tare. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar Laraba.

Da yamma na je wurin Inna, ita ta warware mini. Na'urar tana aljihun rigar da ya faɗi da ita, cajinta ya ƙare. Ta ce kayan kamfani ne, amana ce, ba ta so ta mayar da ita a mace. Da safen nan ta ba maƙwabcinsu mai zuwa kasuwar Maƙarfi ya kai wa mai caji. Tana samun wuta ta sami sabis, ta amayar da abin da ta riƙe. Bayani ne mai kyau, ni da kaina zan iya zana shi a allo. Na ce, "Inna, mako biyu tana nan, me ya sa sai yau?" Ta ce, "Oho. Haka kawai na tashi da abin a raina, na kasa karyawa sai da na aika."

An haƙa rami mai zurfi an binne waken. Ni kuma na ɗauki littafi na bi sito uku, na zauna a kan buhu, wuni-wuni, ina tambaya. Abin da na ji a Ikara kaɗai ya isa a sake rabin manhajar, an kuwa sake. Yanzu kowane mai sito yana iya dakatar da buhu, ko manaja bai isa ya fitar ba sai ya zo ya gani. 'Yan kwangila sun ba wurin wani suna na Turanci. Babu mai kiransa da shi, jan zare ake cewa.

Inna ta damƙa mini na'urar, na sa ta a aljihun teburina. Doka ta ce in rufe shafin ma'aikacin da ya bar aiki, manhajar tana tuna mini duk ranar Litinin. Ran nan na buɗe don in rufe, na sake ganin saƙonsa na ƙarshe, da ɗan wurin ba da amsa a ƙarƙashinsa. Na rubuta: Na ji, Kawu. An samu na sha huɗun. Ka yafe wa uwarka. Na tura.

Cikin aljihun teburin, a gefen gwiwata, na'urar ta yi gurnani sau ɗaya.

Ya Allah, Kai da kake jin abin da bai fito daga baki ba, Ka isar masa. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka karɓe shi yadda ya riƙa karɓar mutane, ba tare da mayar da kowa gida ba. Saƙon yana nan a fuskar kwamfutata da alamar ya isa. Ba a buɗe shi ba.